Da'ira Ta Koma Ƙwai: Yadda Za Ka Daidaita Hoton Laftof a Talabijin Mai Faɗi

Lokacin kare furojet ya ƙarato ga 'yan ND II da HND II, masu dawowa daga SIWES su ma suna da nasu bayanin da za su tsaya su yi. A wasu ɗakunan ba majigi za ka tarar ba, talabijin ɗin bango ne, wanda muke kira filasma ko da kuwa ba filasma ba ne, an kafe shi a gaba an bar waya tana lilo. Ka jona laftof ɗinka, hoto ya fito, amma ba wanda ka kwana kana shiryawa ba. Da'ira ta koma ƙwai. Fuskar da ke shafin farko ta yi kumatu. Layin ƙarshe na jadawali, inda jimilla take, ya nutse ƙasan allo. Ko kuwa hoton ya takure a tsakiya, hagu da dama baƙi ƙirin, rubutu ya ƙanƙance har na bayan ɗaki ba sa iya karantawa.

Ga ɗan sashen zanen gine-gine ko injiniyanci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kana ce wa malamai bututun nan zagayayye ne, su kuma idonsu na nuna musu ƙwai, sai ka fara da ba da haƙuri tun ba ka fara bayani ba, 'yan mintunan da aka ba ka kuwa ba jiranka za su yi ba. Abin da aka saba yi shi ne wani ya karɓi rimot ya yi ta dannawa har allo ya cika. Allon zai cika kam, amma sau da yawa an toshe ɓaraka ɗaya ne ta hanyar buɗe wata.

Matsalar ba ɗaya ba ce. Abu uku ne ke iya saɓawa tsakanin laftof da talabijin: siffar hoton, yawan ɗigon da ke cikinsa, sai kuma wata tsohuwar al'ada da talabijin yake da ita ta yanke gefuna. Biyun farko a laftof ake maganinsu, na ukun a rimot. Don haka da laftof za mu fara.

Siffa da ɗigo

Talabijin ɗin da muka tashi da shi, mai ƙusumbi a baya, siffarsa 4:3 ce. Wato idan faɗinsa huɗu ne, tsayinsa uku. Na bango kuwa 16:9 ne. Raba 4 da 3 ka samu 1.33, raba 16 da 9 ka samu 1.78. Idan aka ɗauki hoton 4:3 aka ja shi ya cika allon 16:9, tsayinsa na nan yadda yake amma faɗinsa ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku. Da'irar da ta kamata ta zama santimita 9 ko ta ina, sai ta zama 12 a kwance, 9 a tsaye. Ƙwan kenan.

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai 16:9 ne, amma ba duka ba. Akwai tsofaffi masu 16:10, sababbi da yawa ma sun koma 16:10, MacBook haka take, Surface ta Microsoft kuma 3:2 ce. Bambancin 16:10 da 16:9 ba shi da yawa, kimanin kashi 11 cikin 100 ne idan aka ja hoton. Ido ba ya kamawa nan take, amma malamin da ya shekara ashirin yana duba zane zai kama.

Sai ɗigo. Kowane allo, na waya ko na laftof ko na talabijin, an yi shi ne da ƙananan ɗigogi masu haske jere a layi, su ake kira fiksel. Adadinsu ba ya canzawa, yadda aka ƙera allon haka zai mutu. Idan ka ga an rubuta 1920×1080, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Shi ake kira Full HD, ko a rubuta 1080p. Laftof ɗin hannu da suka cika kasuwa da yawansu 1366×768 ne, wato ɗigo 1,049,088, kusan rabin wancan. Talabijin mai inci 32 shi ma galibi 1366×768 ne, ko da yake yana karɓar 1080p ya matse shi. Manya masu alamar 4K kuma 3840×2160 ne. Duk waɗannan siffarsu 16:9 ce, haka 1280×720 da 1600×900. Amma 1024×768 da 800×600 na 4:3 ne, 1280×800 da 1440×900 da 1920×1200 kuma na 16:10. Ka riƙe waɗannan lambobi, don da ka ga wadda laftof ke turawa ka san inda ciwon yake.

Hoto ya fi fita tas idan laftof ta tura daidai adadin ɗigon da talabijin yake da shi, kowane ɗigo ya faɗa gurbinsa. Idan ta tura ƙasa da haka, sai talabijin ya yi ta cike gurbi da kintace, rubutu ya yi dishi-dishi. Idan kuma siffar ce ta bambanta, zaɓi uku kawai ya rage masa: ya ja hoton, ya yanke shi, ko ya bar baƙin fili a gefe.

To, ta yaya laftof take sanin abin da talabijin yake so? Akwai wani ɗan bayani da ke ajiye a cikin kowane talabijin, sunansa EDID, kamar katin shaida. Da an jona waya, laftof za ta karanta shi: sunana kaza, ina karɓar adadi kaza da kaza, amma na fi son kaza. Idan wannan bayani ya isa lafiya, Windows da kanta take zaɓar abin da ya dace. Idan ya maƙale a hanya saboda waya ko adafta, sai laftof ta koma kintace, ta tura 1024×768 don ta san kusan kowane allo zai karɓa. Shi kuwa 4:3 ne. Talabijin ya ja shi ya cika, kumatu su fito.

Maɓallin Windows da P

Yawancin ɓarnar daga nan take farawa. Danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito a gefen allo: PC screen only, Duplicate, Extend, da Second screen only. Kusan kowa Duplicate yake bari, don shi ne ke nuna abu ɗaya a allo biyu, kuma shi ne yake zuwa da kansa. Matsalarsa ita ce dole allunan biyu su yi amfani da adadi ɗaya, don haka sai a nemi wanda dukkansu za su iya ɗauka. Idan laftof ɗinka 1366×768 ce talabijin kuma 1920×1080, talabijin ne zai sauko. Siffa ba za ta lalace ba tunda duk 16:9 ne, amma ka zubar da rabin ɗigon da allon yake da shi. Idan laftof ɗin 16:10 ce, ko dai baƙin fili ya fito hagu da dama, ko a ja hoton.

Extend shi ne abin da nake ba kowa shawara ranar gabatarwa. Yana mai da talabijin allo na biyu mai zaman kansa, da adadinsa daban. Laftof ta zauna a nata, talabijin ya zauna a nasa, ba mai jan wani. Ƙari a kan haka, PowerPoint zai nuna silaid a talabijin, kai kuma a laftof kana ganin 'yan bayanan da ka rubuta wa kanka da silaid mai zuwa da agogo. Malamai ba sa ganin wannan. Abin da ke rikita sabon shiga shi ne ya ga talabijin ba komai sai hoton bango, ya ɗauka bai yi ba. Ya yi. Ja tagar da kake so da linzami zuwa gefe har ta tsallaka, ko ka danna Windows da Shift da kibiyar dama a tare, za ta tsallake da kanta.

Second screen only kuwa yana kashe allon laftof gaba ɗaya ya bar talabijin. Don kallon fim ko ƙwallo a ɗakin hutawa na hostel shi ya fi, kuma yana rage shan batir.

Bayan ka zaɓi Extend, latsa dama a fili a kan allon laftof ka shiga Display settings. Za ka ga akwati biyu, 1 da 2. Danna Identify, lamba za ta fito a kowane allo ka san wanne ne wanne. Taɓa akwatin talabijin tukuna, wannan mataki shi mutane ke tsallakewa su je suna canza na laftof suna mamaki. Sannan ka gangara inda aka rubuta Display resolution, ka zaɓi wanda aka sa wa Recommended a gaba. Idan babu, gwada 1920×1080, in bai zauna ba 1366×768 ko 1360×768, in ya ƙi 1280×720. Kada ka tsorata in allo ya yi baƙi. Windows na jiran daƙiƙa 15, idan ba ka tabbatar ba za ta mayar da na da.

Wannan 1360 ɗin ba kuskuren rubutu ba ne. Wasu talabijin, musamman ta kafar VGA, shi suke karɓa, domin 1366 ba ya rabuwa da takwas ba saura, 1360 kuwa yana rabuwa. Ɗigo shida ne bambancin, ba wanda zai lura.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Rubutu ya yi ƙanana a talabijin, sai mutum ya rage adadin ɗigo don ya girma. Zai girma, amma ya yi dishi. A shafin nan dai akwai wurin da aka rubuta Scale, da shi ake ƙara girman rubutu. Sa shi 125 ko 150 cikin 100, ka bar adadin ɗigo yadda yake.

Idan talabijin ɗin 4K ne kuma ka ga kibiyar linzami tana tafiya da nauyi kamar mai jan ƙafa, wataƙila kafar laftof ɗinka HDMI 1.4 ce, wadda ke iya tura 4K sau 30 kawai a daƙiƙa. Sai HDMI 2.0, da ya fito a 2013, yake kai 60. Sauko da shi 1920×1080. Tunda 3840 ninki biyu ne cif na 1920, 2160 kuma na 1080, hoton zai zauna lafiya, kuma don silaid ba ka rasa komai ba.

Yanzu ɗauki rimot

Ka saita laftof daidai, siffa ta yi kyau, amma layin ƙasa inda agogo da alamar batir suke ya yanke, alamar rufe taga da ke kusurwar sama ta ɓace rabi. Wannan ba laifin laftof ba ne. Gado ne daga zamanin talabijin mai ƙusumbi. Waɗancan ba sa iya tsayar da gefen hoto daidai, kuma siginar tashoshi kan zo da 'yan tarkace a baki-baki, don haka aka riƙa ƙera su suna ɗan zuƙo hoton, gefen ya ɓuya a bayan firam. Turawa na ce masa obasikan, mu ce cin gefe. Su ma masu shirye-shirye sun san da haka, shi ya sa ba sa ajiye rubutu a can baki. Talabijin na zamani ba ya bukatar wannan, amma da yawa har yanzu suna zuwa da shi a kunne.

Abin da ake ci ba shi da yawa, amma ka lissafa. A ce kashi biyu da rabi cikin ɗari ne a kowane gefe. A kan 1920×1080, ɗigo 48 ne hagu, 48 dama, 27 sama, 27 ƙasa. Layin ƙasa na Windows 10 tsayinsa ɗigo 40 ne, ka ga an cinye fiye da rabinsa. Kuma tunda an zuƙo hoton, ɗigo bai ƙara faɗawa gurbinsa ba, rubutu ya rasa kaifinsa ko da adadin da ka zaɓa daidai ne.

Maganin yana cikin menu na hoto, wurin da ake zaɓar girman hoto ko siffarsa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa, abin haushin kenan. LG na ce masa Just Scan. Samsung na rubuta Screen Fit ko Fit to Screen. Sony na ce masa Full Pixel, Sharp kuma Dot by Dot. A wasu za ka ga 1:1, a wasu kuma kalmar Overscan ce da kanta, sai ka kashe ta. Duk abu ɗaya suke nufi: nuna mini abin da aka turo maka, kada ka ƙara kada ka rage. Idan ba ka samu ko ɗaya ba, zaɓi 16:9. Ka nisanci Zoom da Cinema Zoom da Wide Fit da Panorama da danginsu. Wasu daga cikinsu wayo ma suke yi, su bar tsakiyar hoto daidai su ja gefe da gefe, sai ka ga jadawalinka ginshiƙan tsakiya sirara, na baki masu ƙiba.

Wani lokaci za ka tarar da zaɓin a dushe, ba ya taɓuwa. Galibi hakan na nufin siginar da ke shigowa ba 720p ko 1080p ba ce, sai ka koma laftof ka gyara adadi. Akwai kuma wata dabara da ke aiki a Samsung da LG da yawa: shiga jerin kafofin shigowa, ka canza sunan kafar HDMI da ka jona zuwa PC. Da talabijin ya san kwamfuta ce, sai ya daina cin gefe, ya kuma daina yi wa hoto kwalliyar da ke ɓata rubutu. Idan a bayan talabijin akwai kafar da aka rubuta wa PC ko DVI kusa da HDMI, ita za ka fara gwadawa. Tunda rimot na hannunka, rage Sharpness ƙasa sosai. An yi shi ne don fim, a kan rubutu wani farin zobe yake sa wa haruffa.

Talabijin kan riƙe saitin kowace kafa daban. Ka gyara HDMI 1, wani ya zo ya mayar da waya HDMI 2, aiki ya koma sabo.

To idan rimot ɗin ya ɓata fa, ko yana kulle a ofis mai makullin bai zo ba? Duba ƙasan talabijin ko bayansa, akwai 'yan maɓallai ko wani ɗan ƙulli guda da ke buɗe menu. Idan ya gagara, ana iya rage hoton daga laftof ta manhajar katin hoto. A ta Intel akwai Custom a ƙarƙashin Scale, a ta NVIDIA akwai Adjust desktop size and position, a ta AMD akwai HDMI Scaling, Mac ma tana da abin ja na Underscan. Sai dai wannan faci ne: laftof ta matse, talabijin ya zuƙo, an taɓa hoton sau biyu. Gefe zai dawo, kaifi ba zai dawo ba. A cikin waɗannan manhajoji dai za ka ga zaɓin riƙe siffa, Maintain Aspect Ratio ko Preserve aspect ratio. Bar shi a kunne kullum, shi ne ke hana laftof jan hoto da kanta.

Waya da adafta

Idan akwai HDMI a ɓangarorin biyu, magana ta ƙare, shi za ka yi amfani da shi. Yana ɗaukar hoto da sauti a waya ɗaya. VGA, mai shuɗin kai da allurai 15, kamfanin IBM ne ya fito da shi tun 1987. Yana aiki har gobe, amma ba ya ɗaukar sauti, kuma wayoyinsa masu araha wasu ba a haɗa musu alluran da ke ɗauko EDID ba. Alamar haka ita ce Windows ta kira talabijin ɗin Generic Non-PnP Monitor, ta kuma ƙi ba ka adadi mai faɗi. Canza waya kafin ka zargi laftof. Idan da VGA ka jona kuma hoton ya gusa gefe ɗaya, nemi Auto Adjust a menu na talabijin, zai dawo da shi tsakiya.

Masu EliteBook 840 na HP irin su G1 zuwa G3, waɗanda suke da yawa a hannun ɗalibai, ku duba da kyau: kafar da ke gefe ba HDMI ba ce, DisplayPort ce. Sun yi kama, amma ita kusurwa ɗaya kawai aka sare mata, HDMI kuwa biyu. Kada ka tura da ƙarfi. Adaftar DisplayPort zuwa HDMI kake bukata. Adafta kuma tana da alƙibla: wadda aka yi don HDMI zuwa VGA ba ta aiki a juye, don haka ka faɗa wa mai shago abin da ke jikin laftof da abin da ke jikin talabijin, kuma ka gwada a gabansa. Haka USB-C, ba kowace kafa ce ke fitar da hoto ba, wasu caji da fayil kawai suke yi. Nemi alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar DisplayPort a kusa da ita, ko ka duba bayanin samfurin laftof ɗin.

Akwai hanyar da ba waya, Windows da K, idan talabijin ɗin na karɓar Miracast. Don nishaɗi ba laifi. Ranar da maki ke kan layi ni dai ba zan dogara da ita ba, tana jinkiri kuma takan yanke ba sallama.

Idan duk wannan bai yi ba

Laftof ɗin da aka yi wa fomat kwanan nan ita ce ta fi ba da wahala. Mai gyara ya ɗora Windows ya miƙo maka, bai sa direban katin hoto ba. Latsa dama a kan alamar Start ka shiga Device Manager, ka buɗe Display adapters. Idan ka ga Microsoft Basic Display Adapter a maimakon Intel ko AMD ko NVIDIA, to ga matsalar. Wannan direban wucin gadi ne, adadin da yake bayarwa kaɗan ne, sau da yawa ma ba ya ganin allo na biyu sam. Sai ka sauke direban gaske ta Windows Update ko daga shafin kamfanin laftof ɗin. Yana cin data, don haka ba aikin safiyar gabatarwa ba ne. 'Yan kimiyyar kwamfuta masu Linux, ku rubuta xrandr kawai ku ga sunan kafa da adadin da talabijin ya bayar, sannan xrandr --output HDMI-1 --mode 1920x1080, ku sa sunan da ya nuna muku a gurbin HDMI-1.

Baƙin filin da ba matsala ba ne

Ba kowane baƙin gefe ne ake yaƙa ba, kuma a nan ne mutane ke ɓata abin da suka riga suka gyara. Finafinan sinima da yawa an ɗauke su ne a 2.39:1, sun fi 16:9 faɗi, don haka dole baƙi ya fito sama da ƙasa ko a talabijin mafi tsada. Tsofaffin finafinan Kannywood na zamanin kaset da faifan CD kuma 4:3 ne, baƙi hagu da dama shi ne daidai. Ka ja su su cika allo, kowane jarumi ya zama gajere mai ƙiba. A VLC harafin A yana canza siffar hoto, harafin C yana yanke shi. Idan fim ya fito a jaye alhali sauran abubuwa daidai suke, wataƙila hannun wani ya taɓa A, sai ka yi ta dannawa har ya dawo Default.

Silaid ma haka. Tun daga Office 2013 PowerPoint yake buɗe sabon aiki a 16:9, amma na 2007 da 2010 a 4:3 suke buɗewa. Idan ka gaji samfurin silaid daga wani babban yaya da ya gama shekarun baya, akwai yiwuwar 4:3 ne, kuma ba saitin laftof ko rimot da zai cike gefensa ba tare da ya lalata shi ba. A cikin PowerPoint ake gyarawa: Design, sannan Slide Size, ka zaɓi 16:9. Idan ya tambaye ka tsakanin Maximize da Ensure Fit, ɗauki na biyun. Bayan nan bi silaid ɗaya bayan ɗaya, domin tambarin makaranta da hotunan bango sukan jaye. In lokaci ya ƙure, bar shi a 4:3 da baƙin gefensa. Ba malamin da zai rage maki don baƙin gefe, amma zai iya ragewa don zanen da ma'auninsa ya karye.

Gwajin minti ɗaya

Ƙara silaid guda a farkon aikinka don gwaji. Zana da'ira babba a tsakiya kana riƙe da Shift, shi ke sa ta fito zagayayya cif. Sannan ka zana siririn jan layi ya zagaye silaid ɗin a can bakinsa. Ka nuna shi a talabijin ya cika allo. Idan da'irar ta koma ƙwai, matsalar siffa ce, duba adadin ɗigo a laftof, sannan ka tabbatar talabijin na kan 16:9. Idan jan layin ya ɓace a wani gefe, cin gefe ne, ɗauki rimot. Idan ido na yi maka gardama, sa rula ka auna da'irar a kwance da a tsaye. In ka gama, ɓoye silaid ɗin da Hide Slide.

Ka yi wannan gwaji kwana ɗaya kafin ranar, a ɗakin da za a yi, da wayar da za a yi amfani da ita. Idan ku goma ne a rukuni, ku zuba silaid ɗinku duka a laftof ɗaya da aka riga aka saita, ya fi kowa ya zo yana cire waya yana jonawa. Idan jikin talabijin na ɗan jan hannu, kashe shi daga soket kafin ka jona HDMI, don kafar laftof ba ta da araha a gyara. Sauti in bai fita ta talabijin ba, taɓa alamar lasifika kusa da agogo ka zaɓi sunan talabijin ɗin. Idan kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar bayani, Windows za ta kwaso komai ta dawo da shi allon laftof. In an tada janareta talabijin ya kunnu, ba shi 'yan daƙiƙu su sake gaisawa da laftof, duba Windows da P ko yana nan a Extend, sannan ka danna Shift da F5, zai ci gaba daga silaid ɗin da ka tsaya.